Yadda Ake Fahimtar Alƙaluman Binciken Cututtuka

Gabatarwa

Sau da yawa rahotannin kiwon lafiya kan iso ga shugabannin ƙananan hukumomi, hakimai, dagatai da masu unguwanni ɗauke da kalamai irin su "masu shan ruwan rafi sun ninka sauran jama'a kamuwa da gudawa sau uku". A kan irin waɗannan alƙaluma ne ake yanke shawarar rufe rijiya, ko gina burtsatse, ko tura ma'aikatan lafiya wani ƙauye. Wannan shafi yana bayani ne a kan yadda ake auna girman haɗarin kamuwa da cuta, da kuma yadda wani dalili na uku kan ɓuya a bayan alƙaluma har ya sa a ɗora wa abu laifin da ba nasa ba.

Ninkin haɗari da ratar haɗari

Masu bincike kan kwatanta rukuni biyu na jama'a: waɗanda suka yi mu'amala da abin da ake zargi, da waɗanda ba su yi ba. Binciken da Dakta John Snow ya gudanar a birnin Landan na ƙasar Ingila, lokacin annobar kwalara ta shekarar 1854, ya isa misali. Kamfanoni biyu ne ke bai wa kudancin birnin ruwa daga kogin Tems. Kamfanin Southwark da Vauxhall yana ɗiba a cikin gari, inda ƙazantar bayan gida ke kwarara, shi kuwa kamfanin Lambeth ya riga ya mayar da wurin ɗibarsa can sama da gari. A makonni bakwai na farkon annobar, mutum 315 suka mutu a cikin kowane gida 10,000 na kamfanin farko, yayin da 37 suka mutu a cikin kowane gida 10,000 na Lambeth.

Idan aka raba 315 da 37 za a sami kusan 8.5. Wannan shi ne ninkin haɗari, wanda rahotannin Turanci kan rubuta da haruffan RR. Idan ninkin ya tsaya a kan 1, babu bambanci tsakanin rukunan biyu. Idan ya haura 1 haɗari ya ƙaru, idan kuma ya gaza 1 to abin yana ba da kariya.

Idan kuma aka ɗebe 37 daga 315 za a sami 278. Wannan ita ce ratar haɗari, kuma ita ke nuna yawan rayukan da za a iya ceta idan aka gyara ruwan.

Wajibi ne a duba ma'aunan biyu tare. A misali na lissafi kawai, cutar da ta tashi daga mutum 1 zuwa 2 a cikin 100,000 ta ninka sau biyu, amma mutum ɗaya tak ya ƙaru. Wadda ta tashi daga 10 zuwa 15 a cikin 100 ninkinta 1.5 ne kacal, amma a gari mai mutum 100,000 ƙarin ya kai 5,000. Jami'in da ke kasafta kuɗi kaɗan ya fi buƙatar sanin na biyun.

Har ila yau akwai ma'aunin da ake rubutawa da haruffan OR. Ana amfani da shi idan an fara daga marasa lafiya, aka tambaye su abin da suka ci ko suka sha, sannan aka kwatanta da amsoshin masu lafiya, kamar yadda ake yi idan annoba ta ɓarke. Yana kusa da ninkin haɗari idan cutar ba ta da yawa a cikin jama'a, amma idan ta yawaita yakan zarce shi.

Iyakar ƙasa da iyakar sama

Kowane bincike wani yanki na jama'a yake ɗauka, don haka akan rubuta lambobi biyu kusa da sakamako, misali 1.8 zuwa 4.2. Suna nuna tazarar da ake kyautata zaton ainihin adadin yana ciki. Idan tazarar ta fara daga ƙasa da 1 ta haura shi, kamar 0.7 zuwa 2.5, to binciken bai tabbatar da ƙaruwar haɗari ba, bai kuma kore ta ba. Yawanci ƙarancin mutanen da aka bincika ke sa tazara ta yi faɗi.

Ɓoyayyen dalili na uku

Tafiyar abubuwa biyu tare ba ta nufin ɗaya ne ya haddasa ɗayan. A wasu wurare akan ce cin sabuwar masara yana kawo zazzaɓi, kuma lallai lokacin da masara ke nuna shi ne lokacin da asibitoci ke cika da masu zazzaɓin cizon sauro. Amma damina ce ta kawo duka biyun: ruwan da ya nunar da masara shi ne ya kwanta a kududdufai sauro ya hayayyafa. Hana yara cin masara ba zai rage zazzaɓi ba.

Kafin a kira abu dalili na uku, sai ya kasance shi kansa yana da alaƙa da cutar, yana kuma tafiya tare da abin da ake zargi, ba tare da abin da ake zargin ne ya haifar da shi ba. Waɗanda suka fi yawan ɓuya su ne shekaru, jinsi, talauci ko wadata, sana'a, yanayin shekara da nisan gida daga asibiti. Idan aka ga yaran gidaje masu gidan sauro sun fi rayuwa, sai a tambaya ko gidajen nan su ne dama suka fi samun abinci da kuɗin magani.

Yadda ake magance shi

Hanya ta farko ita ce kwatanta masu kama da juna. Ƙarfin binciken Snow shi ne bututun kamfanonin biyu sun bi tituna ɗaya, maƙwabta masu hali da talakawa suna sha daga wannan ko wancan, don haka ruwa ne babban abin da ya bambanta su.

Ta biyu ita ce rarraba alƙaluma gida-gida, yara daban, manya daban, damina daban, rani daban. Idan ninkin ya koma kusa da 1 bayan rarrabawa, to dalili na uku ne ya kawo shi. Sakamakon da rahoto ya ce an daidaita shi ya bi ta irin wannan tacewa, sai dai abin da aka auna kawai ake iya daidaitawa.

Ta uku, wadda ta fi ƙarfi, ita ce ƙuri'a. A yankin Navrongo na arewacin Ghana an yi amfani da ƙuri'a wajen zaɓar rukunan gidajen da za a fara bai wa gidan sauro mai magani. Sakamakon da aka buga a 1996 ya nuna mutuwar ƙananan yara ta ragu da kashi 17 cikin ɗari. Da yake ƙuri'a ba ta san mai kuɗi ko talaka ba, an amince gidan sauron ne ya kawo ragin.

Girman ninki shi ma hujja ne. Bayan Richard Doll da Austin Bradford Hill sun buga bincikensu a kan taba sigari da sankarar huhu a 1950, wasu sun ce wataƙila gado ne ke sa mutum son taba ya kuma sa masa cutar. A 1959 Jerome Cornfield da abokan aikinsa suka amsa cewa kafin wani ɓoyayyen dalili ya haifar da ninki tara, sai ya fi yawa a cikin mashaya taba aƙalla sau tara, kuma ba a sami irin wannan dalili ba. Ƙaramin ninki kamar 1.2 kuwa yana da sauƙin fitowa daga dalili na uku.

Tambayoyin da ya kamata a yi

Kafin a ɗauki mataki a kan kowane rahoto, ana shawartar jami'ai da shugabannin al'umma su tambaya: Su wa aka kwatanta da su wa? Mutum nawa ne suka kamu a cikin kowane 1,000 a rukunan biyu? Mene ne iyakar ƙasa da ta sama? An yi la'akari da shekaru, halin rayuwa da yanayin shekara? Wasu binciken sun sami irin wannan sakamako?

Sai dai a lokacin annoba mai kisa kamar kwalara ba a jiran cikakkiyar hujja. Idan zargi mai ƙarfi ya faɗa a kan wata rijiya, rufe ta na ɗan lokaci da samar da wani ruwan ya fi sauƙi a kan asarar rai, sannan bincike ya ci gaba. Duk wanda rahoto ya shige masa duhu yana iya neman ƙarin bayani wurin jami'in sa ido kan cututtuka na ƙaramar hukumarsa.