Daga Soja zuwa Direba: Tarihin Wani Dangin Kalmomin Aro a Ƙasar Haɗejiya

A harshen Ingilishi akwai wani babban dangi na kalmomi waɗanda ƙarshensu ɗaya ne a rubuce, wato harufan "er" ko "or", kuma da yawansu sunayen masu sana'a ne. Malaman makaranta sun saba jera su a allo: "driver", "tailor", "carpenter", "labourer", "messenger", "doctor". Yaron da ke zaune a aji a Birniwa ko Malam Madori ya san kowace ɗaya daga cikinsu tun kafin a sa shi makaranta, sai dai da wata kama dabam. Shi direba ya sani, da tela, da kafinta, da lebura, da masinja, da likita. Dangin bai watse ba da ya shigo Hausa, amma harafin "r" da ya haɗa shi a takarda ya ɓace, wasalin "a" ya tsaya shi kaɗai a ƙarshe. Wannan ɓacewa hujja ce ta tarihi, domin tana nuna ƙofar da kalmomin suka shigo ta cikinta, da kuma bakin da aka ji su.

Ƙofa ta farko ita ce bariki. Tun a shekara ta 1863 Glover ya kafa wata runduna ta Hausawa a Ikko, kuma har bayan da aka kafa rundunar Afirka ta Yamma a 1897 Hausa ce harshen da dakaru ke mu'amala da shi. A cikin irin waɗannan rundunoni ne kalmomi kamar soja da hafsa suka sami kamarsu, shekaru da dama kafin a buɗe makarantar boko ko ɗaya a ƙasar Kano. Mutanen Haɗejiya sun ga soja ido da ido a watan Afrilu na 1906, sa'ad da Turawa suka auka wa birnin, Sarki Muhammadu ya yi shahada tare da jama'arsa masu yawa. Makarantar Ɗan Hausa ta Nasarawa kuwa sai a 1909 aka buɗe ta. Ke nan kunne ya riga alƙalami.

Ƙofa ta biyu, wadda ta fi faɗi, ita ce hanyar jirgin ƙasa. Dogo ya iso Kano a 1911. Daga baya aka ja reshe zuwa arewa maso gabas, ya bi ta Ringim da Gagarawa da Malam Madori da Birniwa, ya tsaya a Nguru a 1930, zamanin Sarkin Haɗejiya Usman. Bai bi ta birnin Haɗejiya kansa ba, saboda haka ƙauyukan da aka kafa tasha a cikinsu su ne suka zama mahaɗar baƙi. Gyaɗa ce babbar hajja, sai fatu da ƙiraga da ƙaro da shanu, da busasshen kifi daga fadamun kogin Haɗejiya. Kamfanonin Turawa suka kafa kantuna da sikeli a bakin tasha. Inda duk aka kafa sikeli kuwa, sai an sami akawu mai rubuta nauyi, da lebura mai ɗaukar buhu, da masinja, da kafinta mai gyaran rumfa, da direban da zai kwaso kaya daga ƙauye. Ba a Birniwa aka haifi waɗannan kalmomi ba. A kan dogo suka zo daga Ikko da Zariya da Kano. Amma a tasha irin tata ne manomi Bahaushe ko Bamange ko Bafillace, wanda bai taɓa riƙe littafin boko ba, ya ji su ya kai su gida. Ƙamus ɗin Bargery, wanda ya keɓe wa wasu kalmomi alamar karin harshen Haɗejiya, ya fito a 1934, shekara huɗu bayan isar dogo Nguru, kuma tuni kalmomin aro daga Ingilishi suka sami gurbi a cikinsa.

Mai musu zai iya cewa Hausa ce kawai ba ta son kalma ta ƙare da baƙi, shi ya sa ta zubar da "r". Wannan magana ba ta tsayawa. Hausa tana da tebur, da fensir, da fetur, da kanar, da janar, dukkansu aro ne daga Ingilishi, dukkansu kuma da "r" suka ƙare. Abin lura shi ne a rubutun Ingilishi sautin "l" ne a ƙarshen waɗannan kalmomi, Bahaushe ya ji shi ya mai da shi "r". Wato inda Bature ya furta baƙi a ƙarshe, Bahaushe ya ajiye baƙi. Inda bai furta ba, Bahaushe bai ƙaga ba. Mutanen kudancin Ingila ba sa furta "r" a ƙarshen gaɓa, ko da yake suna rubuta shi. Shi ya sa ko a tsakiyar kalma bai tsira ba: kafinta ta rasa "r" biyu, haka oda, haka kwata. Da daga takarda aka ɗauko su, ko daga bakin mutanen Amurka waɗanda galibinsu ke furta shi, da yanzu wata kama ce da su.

Akwai 'yan kaɗan da suka saɓa, kuma saɓawar tasu ma labari ce. Kwabo daga "copper" ya fito, amma da "o" ya ƙare, kamar yadda yake a bakin Yarabawa, abin da ke nuna cewa ya yi zango a kudu kafin ya hauro. Ba abin mamaki ba ne, tun da akawu da ashana daga Yarabanci suke, kuma da yawa daga ma'aikatan dogo na farko mutanen kudu ne. Kwabon nan ya shiga sunan jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, sa'an nan ya zama sunan kuɗin Nijeriya a hukumance a 1973.

Tambayar da ta fi nauyi ita ce me ya sa aka ari kalmomin tun farko, alhali Hausa tana da nata tsari na sunan mai aiki, wato ɗafa-goshin "ma" da wasalin "i" a ƙarshe. Akwai maɗinki kafin tela, akwai masassaƙi kafin kafinta, akwai magini kafin birkila, akwai matuƙi kafin direba. Amsar tana cikin kayan aiki. Maɗinki da allura yake aiki, shi ne mai aikin wuyan riga da hula. Tela kuwa mai keken ɗinki ne. Masassaƙi da gizago yake fafe itace ya fitar da turmi da akushi da kwalekwale. Kafinta sai da katako da zarto da ƙusa. Magini ya san laka da tubali da azara. Birkila ya zo da bulo da siminti. A fadamun Haɗejiya, inda ruwa ke malale ƙasa kowace damina, matuƙi tsohon suna ne na mai fito da jirgin ruwa, kuma babu wanda zai kira shi direba. Kalmar aro ba ta kori ta gida ba, raba gona suka yi, kowace ta riƙe nata zamani da nata kayan aiki. Wanda ya nemi a soke tela a mai da maɗinki da sunan tsarkake harshe, bambanci zai shafe wanda masu harshen suka ga dacewar ajiyewa.

Bayan sun shigo kuwa, nahawun Hausa ya yi musu hukunci irin na 'yan gida. Galibin sunayen da suka ƙare da "a" tamata ne, don haka kayayyakin da ke cikin dangin suka zama mata: motar, lambar, robar, hodar, mitar, tirelar. Sunayen mutane suka bi jinsin mai sana'a, ana cewa direban da telan da sojan, amma ministar idan mace ce. Jam'insu kusan duka hanya ɗaya ya bi: direbobi, teloli, sojoji, leburori, likitoci, gwamnoni, motoci. Har suka haifi 'ya'ya, irin su leburanci da likitanci da telanci.

Za a fi ganin darajar wannan hujja idan aka dubi wani harshe mai nisa da ya gamu da dangin nan ta wata hanya, wato harshen Tai na ƙasar Tailan, wadda ake kira Siyam kafin 1939. Can ma jirgin ƙasa ya shiga da wuri, dogon gwamnati ya tashi daga Bankok ya isa Korat a 1900. Amma Turawa ba su mulki ƙasar ba, sarakunanta ne suka kawo dogon, kuma masananta suka riƙa ƙera sababbin kalmomi daga tsofaffin harsunan addini, Pali da Sanskirit. Yarima Wan Waithayakon ya yi suna a wannan aiki. Saboda haka inda Hausa ta ce injiniya su "witsawakon" suke cewa, inda ta ce minista su ce "ratthamontri". Kafinta a wurinsu "chang mai" ne, wato gwanin itace, direba kuma "khon khap rot", mutumin da ke tuƙa mota. Sunayen na'urori ne suka fi ara kai tsaye, kamar kalmar kwamfuta, kuma a nan ne abin sha'awa yake. Su ma ba sa furta "r" na ƙarshe, amma suna rubuta shi da harafinsu, su ɗora masa wata 'yar alama da ke nuna cewa a yi shiru da shi. Rubutun Tai yana riƙe da shaidar cewa mai aron ya ga kalmar a takarda. Rubutun Hausa kuwa babu wannan shaida a cikinsa, domin lebura da fasinja ne suka yi aron, masu boko daga baya suka rubuta abin da suka tarar a baki.

Hukumar Harshen Hausa da aka kafa a 1955 ta tarar da dangin ya riga ya zauna, aikinta a kansa bai wuce daidaita rubutu ba. Ƙamus ɗin Hausa zuwa Turanci na 1977, wanda Cibiyar Nazarin Harsunan Nijeriya ta Kano ta shirya, shi ma haka ya karɓe su. Tsarin ya yi ƙarfin da har kalmomin da suka shigo bayan yaɗuwar boko, a hannun mutanen da suka san rubutun Ingilishi sarai, ba su iya dawo da "r" ba: farfesa, kwamishina, manaja, janareta. Da kwamfuta ta zo, masana suka ƙera mata na'ura mai ƙwaƙwalwa, irin yadda mutanen Siyam suka yi wa injiniya, kuma ana jin wannan suna a gidajen rediyo. A kasuwa da tasha kwamfuta ake cewa, tamata ce kamar mota, jam'inta kuma kwamfutoci.