Tarihin Rabuwar Manhaja da Gangar Kwamfuta

Duk kwamfutar da ake amfani da ita a yau, tun daga ta kan teburin ma'aikaci har zuwa wayar salula, ana kasa ta gida biyu: gangar na'ura, wato duk abin da hannu ke iya taɓawa kamar allo da madannai da masarrafar da ke yin lissafi, da kuma manhaja, wato jerin umarnin da aka rubuta domin su faɗa wa gangar abin da za ta yi da yadda za ta bi shi daki-daki. Wannan rabo ya zauna a zukatan mutane har ana ganin kamar da shi aka ƙirƙiri na'urar, alhali kuwa sai da aka shafe fiye da ƙarni ɗaya da rabi kafin ya tabbata, kuma ba injiniyoyi kaɗai ne suka shata iyakar ba, domin 'yan kasuwa da lauyoyi ma sun sa hannu.

Tushen abin yana wajen masaƙa. A shekarar 1804 Joseph Marie Jacquard na birnin Liyon a Faransa ya fito da na'urar saƙa wadda ke karanta zanen ado daga jerin katuna masu huji, ta yadda idan ana son sabon zane sai a sauya katunan kawai, a bar na'urar yadda take. Charles Babbage, masanin lissafi ɗan Ingila, ya ari wannan dabara a cikin tsarin injin lissafin da ya fara bayyanawa a 1837, sannan a 1843 Ada Lovelace ta wallafa matakan da injin zai bi ya fitar da wasu lambobi da ake kira lambobin Bernoulli. Ba a taɓa kammala ƙera injin ba, don haka umarnin nata ya wanzu a takarda ba tare da ƙarfen da zai aiwatar da shi ba, wanda hakan kansa hujja ce cewa umarni abu ne mai zaman kansa.

Sai dai kwamfutocin lantarki na farko ba su gaji wannan rabo a sarari ba. ENIAC, wadda aka nuna wa jama'a a Jami'ar Pennsylvania ta Amurka a watan Fabrairun 1946, tana da ƙwayayen lantarki kusan 18,000, kuma ba a rubuta mata umarni a ajiye a cikinta. Idan za a ba ta sabon aiki sai an cire wayoyi an sake jona su, an kuma juya ɗimbin makunnai, aikin da kan ci kwanaki. A nan umarni da ƙarfe abu ɗaya ne. Mata shida ne aka ɗora wa wannan aiki, cikinsu har da Kay McNulty da Betty Snyder, kuma da yake daraja a wancan zamani tana wajen masu ƙera injin, an daɗe ba a ambaton sunayensu a tarihin na'urar, duk da cewa su ne suka aza harsashin sana'ar da daga baya ta fi ta maƙeran kawo kuɗi.

Juyin da ya raba biyun ya samo asali ne daga takardar da Alan Turing ya rubuta a 1936, inda ya nuna ta hanyar lissafi cewa na'ura ɗaya tak tana iya kwaikwayon aikin kowace na'urar lissafi muddin aka ba ta bayaninta a rubuce, da kuma rahoton da John von Neumann ya fitar a watan Yunin 1945, wanda ya bayyana yadda za a mayar da umarni lambobi a ajiye shi a ma'adana ɗaya da bayanan da ake sarrafawa. A ranar 21 ga Yunin 1948 wata ƙaramar na'ura da Frederic Williams da Tom Kilburn suka haɗa a Jami'ar Manchesta ta aiwatar da umarnin da ke ajiye a cikin ma'adanarta, daga baya kuma ta shafe minti 52 tana neman mafi girman lambar da ke ƙasa da 262,144 wadda ke raba ta ba tare da saura ba. Aikin ba wani abin a zo a gani ba ne, amma sakamakonsa babba ne: tun da umarni ya zama lambobi, to ana iya kwafarsa, ana iya gyara shi ba tare da an taɓa waya ko ɗaya ba, kuma wata manhaja tana iya karanta wata ta sarrafa ta. Daga nan aka samu manhajar tafinta, wadda ke karɓar umarnin da mutum ya rubuta da kalmomi da alamomin lissafi ta mayar da shi lambobin da masarrafa ke ganewa. Yaren FORTRAN ya fito daga kamfanin IBM a 1957 ƙarƙashin jagorancin John Backus, aka tsara COBOL a 1959, kuma a watan Disambar 1960 aka gwada manhaja ɗaya ta COBOL a kan na'urorin kamfanoni biyu daban, UNIVAC da RCA, ta yi aiki a kan kowacce.

Duk da haka, a kasuwa biyun suna nan a ɗaure. IBM, wanda ya mamaye harkar a shekarun 1960, yawanci haya yake ba da na'urorinsa, kuma kuɗin hayar ya haɗa da manhaja da horar da ma'aikata da taimakon injiniyoyi, ta yadda mai amfani da na'urar yake ɗaukar manhaja a matsayin gyaran da mai sayarwa ke ƙara wa mai saye bayan an gama ciniki. Masu na'urorin ma sun kafa ƙungiyar SHARE tun 1955 suna musayar abin da suka rubuta kyauta. Wannan ya sa ƙananan kamfanonin da ke son rayuwa da sayar da manhaja suka rasa mafita, domin babu mai sayen abin da yake ganin ana ba shi a banza. A watan Janairun 1969 Ma'aikatar Shari'a ta Amurka ta maka IBM a kotu bisa zargin babakere, kuma a ranar 23 ga Yuni na wannan shekara kamfanin ya sanar da cewa zai riƙa sa wa yawancin manhajojinsa farashi na daban. Litattafan tarihi sun fi ba da fili ga masu ƙirƙira, amma a gaskiya wannan sanarwa ta ofis ta yi tasirin da bai gaza na wata ƙirƙira ba, domin daga ranar ne manhaja ta zama haja mai kasuwarta.

Da ta zama haja sai ainihin bambancinta da ganga ya fito fili. Kowace na'ura ta biyu tana buƙatar ƙarfe da ma'aikata da sufuri kamar ta farko, amma manhaja wahalarta tana wajen rubutun farko ne, kwafi na biyu da na dubu kusan ba su cin ko sisi. Wannan ne ya sa Bill Gates ya rubuta buɗaɗɗiyar wasiƙa a farkon 1976 yana kokawa da masu kwafar manhajar BASIC da shi da Paul Allen suka shirya wa na'urar Altair ba tare da sun biya ba, wannan sauƙin kwafi ne kuma ya sa Majalisar Dokokin Amurka ta gyara dokar haƙƙin mallaka a 1980 ta shigar da manhaja a fili. Richard Stallman ya ɗauki ɗaya ɓangaren a 1983 da shirin GNU, yana ganin abin da kwafarsa ba ta rage wa kowa komai bai kamata a kulle shi ba.

IBM da kansa ya ɗanɗana kuɗarsa a hannun iyakar da ya taimaka aka shata. Lokacin da ya fitar da ƙaramar kwamfutarsa a watan Agustan 1981, ya sayi masarrafa daga Intel, ya kuma karɓi babbar manhaja, wato wadda ke tafiyar da na'urar baki ɗaya, daga Microsoft, ba tare da ya hana Microsoft sayar wa wasu ita ba. Ba a jima ba Compaq da wasu kamfanoni suka ƙera na'urori masu karɓar manhaja iri ɗaya, gangar ta zama abin da kowa ke iya haɗawa, riba kuma ta koma wajen mai manhajar. A 2005 IBM ya kammala sayar da sashen ƙananan kwamfutocinsa ga kamfanin Lenovo na ƙasar Sin. Masu rubutun Hausa ma sun amfana da wannan rabo, domin a zamanin tafireta samun ɓ da ɗ da ƙ yana buƙatar a sauya ƙarfen harafi ko a ƙara lanƙwasar da biro, amma da tsarin Unicode, wanda aka fara fitarwa a 1991, ya ware wa kowannensu lamba, sai matsalar ta koma ta manhajar madannai da zubin haruffa.

Bambanci na ƙarshe ya shafi kuskure. A 1994 aka gano cewa masarrafar Pentium ta Intel tana ba da amsar da ba daidai ba a wasu lissafe-lissafen rabawa, kuma da yake aibin yana cikin ƙirar masarrafar ne, sai da Intel ya amince ya musanya wa duk wanda ya nema, abin da ya ci masa dala miliyan 475. Tun daga Pentium Pro da ya biyo baya a 1995, kamfanin ya riƙa ƙera masarrafansa ta yadda za a iya sabunta ƙananan umarnin da ke can cikinsu, dabarar da tushenta ke komawa ga tunanin Maurice Wilkes na Jami'ar Kambirij a 1951. Saboda haka da aka bayyana raunin tsaron da ake kira Spectre a watan Janairun 2018, wani ɓangare na gyaran ya isa ga masu kwamfutoci ne ta intanet, ba tare da an buɗe murfin na'urorinsu ba.