Ma'anar Rubutun Latin da Alamun Hatimin Mulki

Tun kafin zuwan Turawa sarakunan ƙasar nan sun san darajar hatimi. Wasiƙar Sarkin Musulmi ko ta Sarkin Kano takan zo da hatimi a kanta, da sunan mai shi cikin Larabci, kowane malami ya gani ya karanta. Da Turawa suka ci Kano a 1903, bayan sun biyo ta Bebeji maƙwabciyar Rano, sai ga waɗansu alamu da rubutu sun shigo hannun hakimai da dagatai da malaman haraji na ƙasar Rano da Kibiya. Sun yi shekaru suna aiki da su, amma kaɗan ne aka taɓa fassara wa abin da suke nufi.

Yawancin rubutun nan da Latin aka yi shi, watau harshen Rumawan dā. Ba wata al'umma da ke magana da shi a gida yanzu, amma Turawa sun riƙe shi don shari'a da ilmi da addini. Shi ya sa in suna so magana ta yi nauyi, ta kuma daɗe, sai su sa ta cikinsa.

Kamfanin Neja, wanda Sarauniyar Ingila ta ba izinin mulki a 1886 a ƙarƙashin George Goldie, ya sa wani zane mai rassa uku a tutarsa, kamar gwafa. Wannan shi ne Kwara da Binuwai inda suka haɗu a Lokoja. Tare da zanen akwai kalmomi uku: Ars, Jus, Pax. Ta fari sana'a ke nan ko gwaninta, ta biyu haƙƙi da shari'a, ta uku zaman lafiya. Magana ta yi kyau, sai dai aiki bai bi ta ba. Kamfanin ya hana 'yan ƙasa ciniki a kogi, har mutanen Brass suka fusata suka auka wa ma'aikatarsa ta Akassa a 1895. A 1897 kuma ya kai yaƙi Bida da Ilori. Ran 1 ga Janairu 1900 aka sauke tutarsa a Lokoja, Gwamna Lugga ya ɗaga ta Ingila.

Inda Latin ya fi kusantar talaka kuwa shi ne jikin kuɗi. Da kuɗin ƙarfe suka kori wuri, manomin Kibiya ya sayar da gyaɗarsa ya biya haraji da su, malami ya ƙirga, a kai baitulmali. A jikin kwabo mai huji na zamanin Sarki Joji na Biyar an rubuta REX ET IND: IMP:, watau Sarki, kuma Sarkin Sarakunan Indiya. A jikin sule an ƙara D.G., wato da falalar Allah, da kuma F.D., wato mai kāre addini. Wannan laƙabi Paparoma ne ya ba Sarki Henry na Takwas a 1521, daga baya suka ɓata, amma sarakunan Ingila ba su saki laƙabin ba. Na Indiya kuwa dole aka sake shi, gama da Indiya ta sami mulkin kai a 1947 ba a daɗe ba aka daina buga shi. Rubutun da ke ƙarƙashin zaki da dokin nan mai ƙaho na tambarin Sarkin Ingila, wanda akan gani a kan takardun gwamnati, shi Faransanci ne, ma'anarsa Allah da haƙƙina.

A bayan kwabo da anini akwai tauraro mai tsini shida. Wannan ba baƙo ba ne wurin malamai, sun san shi da hatimin Annabi Sulaimanu. Lugga da kansa ya faɗi cewa a murfin wata butar tagulla aka same shi, wadda sojansa suka kwaso sa'ad da suka ci Kwantagora. Da aka haɗa Kudu da Arewa a 1914, sai aka mai da shi tambarin Nijeriya, kore a kan jan da'ira, da kambin sarauta a tsakiyarsa.

A 1960 Nijeriya ta sami tambarin kanta. Baƙar garkuwa ita ce ƙasa mai albarkar noma. Fararen dawaki biyu martaba ce, jar mikiya kuwa ƙarfi. A tsakiyar garkuwar sai ga gwafar nan ta Kwara da Binuwai ta komo, fara. Ba a sa Latin ba, da Ingilishi aka rubuta taken, ma'anarsa Haɗin Kai da Imani, a 1978 aka ƙara Zaman Lafiya da Ci Gaba. Kwabo mai huji da taurarinsa sun yi ban kwana bayan shigowar naira a 1973.

To, abin lura ga wanda ya taɓa riƙe hatimi a ofishin En'e, da wanda ya gaje shi a ƙaramar hukuma ko majalisar Sarki, shi ne rubutun hatimi alkawari ne hukuma ta ɗaukar wa talakawa. Kamfanin Neja ya rubuta shari'a da zaman lafiya bai cika ba, cikin shekara goma sha huɗu mulkinsa ya ƙare. Talakan da ya kawo harajinsa ba ya karanta Latin ko Ingilishi, abin da yake dubawa shi ne ko kuɗin da aka rubuta a takardar shaida daidai suke da waɗanda ya miƙa. In sun yi daidai, hatimi ya yi daraja. In malami ya rage ko ya ƙara, ya zubar da mutuncin Sarkin da ya ba shi amana. Allah ya jiƙan waɗanda suka riƙe ta da gaskiya, ya ba na baya ikon koyi da su, amin.