Gene Roddenberry da Jirginsa na Taurari

An haifi Gene Roddenberry a El Paso, cikin ƙasar Amurka, ran 19 ga watan Agusta, 1921, amma a Los Angeles ya girma, inda ubansa ke aikin ɗan sanda. Ya tuƙa jirgin sama a Yaƙin Duniya na Biyu, bayan yaƙi ya shiga kamfanin Pan Am. A 1947 jirgin da yake ciki ya faɗi da dare a hamadar Siriya, mutane da dama suka mutu, shi kuwa ya tsira. Ba a daɗe ba ya bar tuƙi, ya bi sana'ar ubansa a 1949. Da rana aikin ɗan sanda, da dare rubutun wasannin talabijin. Da ya ga alƙalami ya fi albashi kawo kuɗi, sai ya ajiye kaki a 1956.

To, ga abin da ya kai shi ga labarin taurari. A 1963 ya fara wani wasa mai suna The Lieutenant, labarin wani hafsan soja. A cikinsa ya yi kashi guda a kan ƙiyayya tsakanin baƙar fata da farar fata. Sai rigima ta tashi, hukumar soja ta janye taimakonta, wasan kuma bai wuce shekara guda ba. Daga nan ya gane, maganar da aka hana ka faɗa a fili, sai ka yi ta da habaici. In ka ce mutanen wata duniya mai nisa ne ke faɗa saboda launin fuska, masu tace wasa ba su tare ka, mai kallo kuwa ya san da wa ake.

Haka Star Trek ya samu. Gidan talabijin na NBC ya ƙi gwaji na fari, wai ya yi zurfi da yawa. Aka yi na biyu, sa'an nan aka fara nuna wasan ran 8 ga Satumba, 1966. A cikin jirgin ya sa wata baƙar mace hafsa, Uhura, sunan nan kuwa daga kalmar Swahili ne, wato 'yanci. Nichelle Nichols, wadda ta fito a Uhura, ta so ta bar aikin. Ita da bakinta ta ce Martin Luther King ne ya hana ta.

Amma masu kallo ba su kai yadda NBC ke so ba. A 1968 masoya wasan suka yi ta aika wasiƙu har aka ƙara shekara guda, sai dai aka mai da shi daren Jumma'a, ƙarfe goma, lokacin da samari ba su gida. Roddenberry ya yi fushi, ya janye hannu. A 1969 aka tsai da wasan bayan kashi 79, a shekarar nan kuma aurensa na fari ya mutu. Abin da ya fi zafi, wasan ba mallakarsa ba ne, yana hannun kamfanin Paramount. Ana ta sake nuna shi, masu kallo suna ƙaruwa, shi kuwa yana zaga jami'o'i yana lacca don ya sami na cefane.

Kada mu ce duk laifin na wasu ne. Mutumin da ya siffanta zamanin da babu kwaɗayi, shi ne ya rubuta wa kiɗan wasan baitoci waɗanda ba a rera su a wasan ba, don dai ya raba kuɗin kiɗan da Alexander Courage, wanda ya tsara shi. A ganina wannan ya ɓata masa suna fiye da yadda ya amfane shi.

A 1979 aka yi fim na fari, ya ci kuɗi ƙwarai, Paramount ta karɓe ragama ta bar shi mai ba da shawara kurum. Ya sake samun iko a 1987 da The Next Generation, amma a lokacin giya da ƙwayoyi sun riga sun ci jikinsa. Ya mutu ran 24 ga Oktoba, 1991, yana da shekara 70. Aka ƙone gawarsa, a 1992 kumbon Columbia ya tafi da kaɗan daga tokar sararin samaniya ya komo da ita.