Imanin Talaka da Jarrabawar Mutakallimai

Duk almajirin da ya taɓa durƙusawa a zauren malami, a Kano ko Katsina ko Sakkwato, ya ɗauki karatun tauhidi, ya san sifofin nan ashirin da suka wajaba ga Allah Maɗaukakin Sarki, ya kuma san hukunce-hukuncen hankali guda uku, watau wajibi da mustahili da ja'izi. Amma kaɗan ne suka san cewa wannan karatu, da ake yinsa yau cikin natsuwa bayan sallar asuba, ya taɓa zama sanadin wata fitina wadda ta kai ga ana shakkar yankan mahauci, ana tuhumar auren manomi.

Asalin tsarin daga Tilimsan yake, a ƙasar Aljeriya ta yau, inda Shehu Muhammadu ɗan Yusufu Sanusi, wanda ya rasu a shekarar 1490, ya wallafa ɗan littafinsa Ummul Barahina bisa tafarkin Ash'ariyya. Tun da yake Ubangiji gaibu ne, ido ba ya riskarsa a duniya, kuma babu abin da ya yi kama da Shi balle a kwatanta, sai malaman kalam suka ce hanyar saninsa ita ce nazari: a dubi halitta, a ga tana sauyawa, a gane fararriya ce, daga nan a tabbatar lalle tana da Mai farar da ita. Littafin ya ƙetare Sahara tare da ayarin fatake da alhazai, ya sami karɓuwa ƙwarai wurin malaman Fulani, waɗanda suka riƙa fassara shi da baki cikin Fulatanci, abin da ake kira Kabbe, har Muhammadu Alwali ɗan Sulaimanu na ƙasar Bagarmi ya mayar da wannan sharhi zuwa Larabci wajen ƙarshen ƙarni na 17, cikin littafinsa Manhajul Faridi.

Ba daga littafin kansa ɓarnar ta fito ba. Ta fito ne daga wata mas'ala da malamai suka daɗe suna saɓani a kanta, watau hukuncin muƙallidi, mutumin da ya yi imani don ya ji iyayensa da malamansa sun faɗa, ba tare da ya san hujja ba. Waɗansu sun ce mumini ne cikakke, waɗansu sun ce mumini ne mai saɓo idan yana da ikon nazari ya ƙi, waɗansu kuwa suka tsananta, suka ce imaninsa bai inganta ba. Wannan magana ta ƙarshe, wadda a cikin takarda ba ta wuce layi biyu ba, ita ce waɗansu ɗalibai suka fito da ita kasuwa. Malam Hasan Alyusi na Maroko, wanda ya rasu a 1691, ya ba da labarin yadda a Sijilmasa aka riƙa tsayar da jama'a ana yi musu tambayoyin tauhidi, wanda ya kasa amsawa da lafazin littafi a ce kafiri ne, ba a cin yankansa, ba a ba shi aure. Irin wannan ɗabi'a ce ta ɓulla a ƙasar Hausa a ƙarni na 18.

To, a nan ne ya kamata a tsaya a dubi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, Allah Ya jiƙansa, domin mutane sun fi saninsa da hijirar Gudu ta 1804 da yaƙe-yaƙen da suka biyo baya, alhali tun yana Degel, kafin a zare takobi, ya sha fama da waɗannan mutakallimai, watau masu jarraba jama'a da ilmin kalam. Ɗansa Muhammadu Bello ya ambata cikin Infaƙul Maisuri cewa littattafan da Shehu ya yi don raddi gare su sun kai wajen hamsin. Shehu ba maƙiyin ilmin kalam ba ne, shi kansa Ba'ash'are ne, ya karanta ilmin ya kuma karantar. Abin da ya ƙi shi ne a mai da istilahin makaranta ƙofar shiga Musulunci. Hujjarsa, kamar yadda take cikin littattafansa Hisnul Afhami da Nasa'ihul Ummati, ita ce Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya karɓi shahadar Larabawan ƙauye bai tambaye su istilahin kalam irin su jauhari ko arali ba, sahabbai ma haka suka yi; hukunci a duniya bisa zahiri yake, abin da ke cikin zukata kuwa na Allah ne; kuma talakan da ya dubi damina ya san Mai saukar da ita yana da dalili a dunƙule, ko da harshensa ba zai iya warware shi ba. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya riga ya yi irin wannan tsawa ga mutakallimai na zamaninsa.

Kada mai karatu ya zaci sassauci ne. Shehu ya yi hukunci mai tsanani a kan masu haɗa salla da yanka ga duwatsu da itatuwa, sai dai ya rataya hukuncin ga aikin da ido ya gani, ba ga gazawar baki wajen jera sifofi ba. Maganin jahilci kuwa a wurinsa karantarwa ne, shi ya sa ya yi ta yawon wa'azi a Gobir da Kabi da Zamfara yana bayyana tauhidi da Fulatanci da Hausa, 'yarsa Nana Asma'u kuma ta ci gaba da wannan aiki a tsakanin mata ta hanyar ƙungiyarta ta 'yan taru.

A ganina wannan yana cikin mafi girman alherin da Shehu ya yi wa talakawan ƙasar nan, kuma ya cancanci a riƙa karantar da shi tare da sifofin ashirin ɗin. Ina roƙon malamanmu na zaure, idan almajiri ya sauke Ummul Barahina, a ɗora masa Hisnul Afhami kafin a sallame shi.