Gidan Jar Ƙasa Na Tudun Mokola

Da yawa daga cikinmu mazauna Sabo kullum muna bi ta Mokola, amma kaɗan ne suka taɓa hawa Oremeji su ga gidan da Demas Nwoko ya fara ginawa a 1967. Sunansa New Culture Studios. Gidan zama ne, kuma wurin aikin zane da sassaƙa, ga dandalin wasan kwaikwayo a jikin gangaren tudun.

An haifi Nwoko a 1935 a Idumuje-Ugboko, cikin Jihar Delta ta yanzu, mahaifinsa ne sarkin garin. Karatunsa kuwa a ƙasarmu ya yi shi, a kwalejin Zariya wadda ta zama Jami'ar Ahmadu Bello, daga 1957 zuwa 1961. Zanen hoto ya karanta tare da su Uche Okeke da Yusuf Grillo. Daga nan ya je Faransa ya koyo tsara dandali, ya dawo yana koyarwa a Jami'ar Badun a 1963. Bai taɓa zama ajin koyon zanen gine-gine ba.

To, abin lura shi ne kayan aikinsa. A lokacin da kowane mai hali ke neman bulon siminti da manyan tagogin gilashi, shi jar ƙasar wurin ya haƙa, ya gauraya ta da ɗan siminti, ya buga tubali. Bai shafe bangon da fenti ba, ya bar shi da launinsa. Ya rage tagogi, ya bar kafofin da iska mai zafi za ta fita ta sama. Duk wanda ya taɓa kwana a soron ƙasa a Zariya ko Kano da bazara ya san wannan sanyin. A ganina, mu da muka gaji irin wannan gini mun fi kowa saurin rushe shi mu kafa bulo da kwano, sannan mu kwana muna fifita idan an ɗauke wuta.

A 1970 limaman Katolika suka ba shi aikin majami'arsu ta Samonda, inda ya haɗa dutse da kankare da katako. Ya kuma zana cibiyar al'adu ta Oba Akenzua a Benin. Sai a 2023, yana ɗan shekara 87, aka ba shi babbar lambar yabo ta bikin gine-gine na Venis, a Italiya.