Asalin Ƙungiyoyin Asiri a Jami'o'in Najeriya

A shekarar 1952, ɗalibai bakwai na Kwalejin Jami'a ta Ibadan suka kafa wata ƙungiya mai suna Pyrates. Cikinsu akwai Wole Soyinka, wanda daga baya ya ci kyautar Nobel ta adabi a 1986, da Ralph Opara da Muyiwa Awe. Abin da ya dame su shi ne girman kan 'ya'yan masu hali da ke kwaikwayon Turawan mulkin mallaka a sutura da magana, da kuma ƙabilancin da ya raba kan ɗalibai. Sun ɗauki ƙoƙon kan mutum da ƙasusuwa a matsayin tambari, amma babu makami a tafiyarsu.

Da jami'o'i suka yawaita sai rarrabuwa ta shigo. A 1972 wasu suka ɓalle daga Pyrates suka kafa Buccaneers. A 1977 aka kafa Neo Black Movement a Jami'ar Benin, wadda ake danganta ƙungiyar asiri ta Black Axe da ita, sannan Vikings ta ɓulla a Jami'ar Fatakwal. Kowace na neman iko da harabar makaranta, rantsuwar shiga ta koma duka da azabtarwa cikin daji da tsakar dare. Ganin inda aka dosa, Pyrates ta janye daga jami'o'i a 1984.

Ranar 10 ga Yulin 1999 ta girgiza ƙasa. Da asuba 'yan ƙungiyar asiri suka afka wa ɗakin kwanan ɗalibai a Jami'ar Obafemi Awolowo da ke Ife, suka kashe biyar, har da sakataren ƙungiyar ɗalibai, George Iwilade. Gwamnatin Obasanjo ta umarci shugabannin jami'o'i su kawar da waɗannan ƙungiyoyi, amma kafin nan sun riga sun fantsama cikin unguwanni da bangar siyasa.

Finafinan da ake yi kan ƙungiyoyin asiri kuwa sun fi son ɓangaren ƙyalƙyali. Fim ɗin The Skulls na 2000 ya ɗauko hoton ƙungiyar asiri ta Skull and Bones, wadda aka kafa a 1832 a Jami'ar Yale da ke Amurka, kuma George W. Bush da John Kerry da suka kara a zaɓen shugaban ƙasar Amurka na 2004 duk 'ya'yanta ne. Mai kallo yana ganin motoci da kuɗi da manyan muƙamai. Binciken da BBC ta fitar kan Black Axe a 2021 kuwa kisa da damfarar intanet ya nuna.

Matasa suna fita neman ilimi nesa da gida, kuma sabon ɗalibi marar kowa shi aka fi yi wa tayin "kariya". Ya kamata iyaye su san abokan 'ya'yansu, su riƙa bibiyarsu. Ɗalibai kuma su sani cewa kundin tsarin mulkin 1999 ya haramta wa ɗan ƙungiyar asiri tsayawa takarar majalisa, gwamna ko shugaban ƙasa.